A Kafa Gari Kafin a Ɗora Dala

Duk wanda ya taɓa raba dare a gaban wasan Civilization VI ya san wannan takaici, ko da bai taɓa faɗa wa kowa ba. An kai zagaye na tamanin da 'yan kai. Babban birnin mai wasa ya shafe zagaye ashirin yana zuba duk ƙarfinsa a ginin Babban Ɗakin Karatu na Iskandariyya, saura zagaye biyu a kammala, sai ga sanarwa a gefen allo cewa wata daula can bayan teku, wadda ko sunan sarkinta bai sani ba, ta riga shi. Harsashin ginin ya ɓace, an mayar masa da wani kaso na wahalarsa, ragowar ta bi ruwa. Da ya ɗaga kai ya dubi taswira, sai ya tarar kwarin kogin nan da ya yi niyyar kafa gari na uku a cikinsa tuni maƙwabci ya kafa nasa, har ya kewaye shi da ganuwa.

Galibin waɗanda hakan ta faru da su kan ɗora laifin a kan rashin sa'a, ko su ce kwamfuta ce ta yi musu maguɗi. Laifin kuwa na wata shawara ne da ta daɗe tana yawo tsakanin masu wasan, tsoho na miƙa wa sabo kamar gadon gida: a raya birni ɗaya ƙasaitacce, a ƙawata shi da gine-ginen al'ajabi, a tsaya a kan garuruwa uku ko huɗu, a guji faɗaɗa ƙasa don kada ta gagari riƙo. Shawarar tana da daɗin ji, tana kama da maganar dattijo mai tsantseni. Amma a wannan wasa kuskure ce, kuma irin kuskuren da ɗan aji huɗu na firamare zai iya tabbatarwa da fensir da takarda. Ma'aikacin da ke satar awa biyu daga barcinsa bayan ya taso daga ofis, wanda wasa guda kan ɗauke shi mako biyu ko uku kafin ya ga ƙarshensa, bai cancanci a ba shi shawarar da za ta kashe masa wasan tun a daren farko ba, alhali shi ba zai gane an gama da shi ba sai a dare na goma.

Ga wanda bai san wasan ba, Sid Meier da Bruce Shelley ne suka fitar da na farkonsa a 1991 a kamfanin MicroProse. Na shida ya fito a watan Oktoba na 2016 daga kamfanin Firaxis, a ƙarƙashin jagorancin Ed Beach, daga baya aka yi masa manyan ƙari biyu, Rise and Fall a 2018 da Gathering Storm a 2019, kuma da waɗannan ƙarin ake magana a nan. Ana farawa ne shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa, da ayarin kafa gari guda ɗaya da mayaƙi ɗaya riƙe da kulki, a kan taswirar da aka yanka gurbi-gurbi, kowane gurbi mai kusurwa shida. Bi da bi ake yi kamar dara: mai wasa ya motsa, abokan hamayya su motsa, zagaye ya cika, har zagaye 500 da ke ƙarewa a shekarar 2050 idan ba a sami gwani kafin nan ba. Ana iya cin wasan ta hanyar kimiyya, ko al'adu, ko addini, ko takobi, ko diflomasiyya. Kowane gari yana samar da abinci da zinariya da ilimi, yana kuma samar da makin aiki, wanda da shi ake gina komai, daga maharbi zuwa jami'a. Gari ba ya gina abu biyu a lokaci guda. Duk rigimar a kan wannan makin aikin take, musamman a zagaye ɗari na farko, lokacin da bai taka kara ya karya ba.

Adalci ne a faɗi inda shawarar ta samo asali, domin ba daga sama ta faɗo ba. A wasa na biyar, wanda ya fito a 2010, musamman bayan ƙarin Brave New World na 2013, gaskiya ce tsantsa. A can walwalar jama'a asusu ɗaya ce ga daula baki ɗaya, kowane sabon gari yana cin rabonsa daga ciki. Kowane gari yana ƙara tsadar manufofin mulki, yana kuma ƙara kashi biyar cikin ɗari a kan kuɗin binciken kowace fasaha. Babbar kwalejin ƙasa ba ta ginuwa sai kowane gari ya mallaki ɗakin karatu, saboda haka ƙauyen da aka kafa jiya yana iya riƙe ƙafar daula gaba ɗaya. Akwai kuma reshen manufofi da ke ba garuruwa huɗu na farko wasu gine-gine kyauta. Babban Ɗakin Karatu a can yana zuwa da wuri, yana ba da fasaha guda kyauta. Wanda ya riƙe garuruwa huɗu ya yi dabara. Matsalar ita ce mutanen da suka ƙware a wancan wasa sun ɗauko ɗabi'arsu sun shigo da ita na shida, ba tare da sun tsaya sun duba ko dokokin da suka haife ta suna nan ba.

Ba su nan. A wasa na shida sabon gari ba ya ƙara wa binciken fasaha tsada ko da maki ɗaya. Walwala ta koma lissafin kowane gari da kansa. Abin da ya fi waɗannan girma shi ne an fitar da gine-gine daga cikin birni an baza su a kan taswira a matsayin unguwanni: unguwar ilimi, unguwar kasuwa, unguwar ibada, unguwar masana'antu, unguwar wasan kwaikwayo, sansanin soja, tashar jiragen ruwa. Kowane gari unguwa ɗaya tak yake iya mallaka daga kowane iri. Birni ko ya kai girman Alƙahira, unguwar ilimi ɗaya gare shi, da ɗakin karatu ɗaya, da jami'a ɗaya.

A nan ne lissafin ya fara cizo. Gari yana samun izinin unguwarsa ta farko tun yana da mutum ɗaya, ta biyu idan ya kai huɗu, ta uku a bakwai, ta huɗu a goma. A ɗauki mutum goma sha biyu. Idan aka tara su a birni ɗaya, unguwanni huɗu za su samu, ɗaya ce ta ilimi a ciki. Idan aka raba su garuruwa uku, huɗu-huɗu, unguwanni shida za su samu, kuma uku daga ciki na iya zama na ilimi, kowace da ɗakin karatunta, kowace tana tara makin jawo manyan masana. Ƙari a kan haka, kai gari daga mutum ɗaya zuwa huɗu abu ne mai sauƙi, amma kai shi daga tara zuwa goma sha biyu yana cin abinci mai yawa, ga kuma iyakar matsuguni da ke rage saurin haihuwa da zarar an kusanci cikarta. Hatta ƙananan birane masu cin gashin kansu, waɗanda ake aika wa wakilai don neman alfarma, yawancin ladansu a kan kowane gini suke biya. Mai ɗakin karatu goma ya karɓi ladan sau goma, mai uku ya karɓa sau uku, alhali wakilan da suka aika adadinsu ɗaya ne.

Sai a zo kan farashi. Ayarin kafa gari na farko yana cin makin aiki 80, kowane na gaba yana ƙaruwa da 30: 110, 140, 170. Da zarar an kammala darasin zamantakewa da ke buɗe daular farko, ana samun katin manufa da ke ƙara kashi 50 cikin ɗari ga aikin haɗa waɗannan ayarori. Ayari na biyu da na uku da na huɗu, jimillarsu 420, da wannan kati sai su tsaya a kan 280 na ainihin gumin gari. Babban Ɗakin Karatu kuwa 400 yake ci. Ke nan da kuɗin wannan gini guda ana iya kafa garuruwa uku, a kuma sami canjin 120, wanda ya yi daidai da maharba biyu a kan 60-60 da za su raka ayarorin. Masu tsara wasan ma ba su ɓoye inda zuciyarsu take ba: katin da ke taimaka wa ginin al'ajabi a farkon zamani kashi 15 yake ƙarawa, na kafa gari kuwa 50.

To, me wannan ɗakin karatu yake bayarwa da har ake mutuwa a kansa? Makin kimiyya biyu a kowane zagaye, da makin manyan masana da marubuta, da gurbin ajiye rubuce-rubuce biyu, da kuma rangwamen bincike a kan fasahohin zamanin farko da na biyu. Wannan na ƙarshen shi ne ake wa kwaɗayi, shi ne kuma ya fi zama abin dariya, domin kafin a kai ga darasin da ke buɗe ginin, a gina unguwar ilimi da ƙaramin ɗakin karatun da ake sharɗantawa, a kuma tara maki 400, mafi yawan waɗannan fasahohin an riga an gano su. Makin kimiyya biyu kuwa shi ne abin da ɗakin karatu na gama-gari yake bayarwa a kowane ƙauye. Unguwar ilimi da aka dasa a gindin duwatsu uku tana ba da maki uku tun kafin a ɗora mata bulo ɗaya. Wanda ya biya 400 a kan wannan gini suna ya saya.

Wannan duk idan ya samu ke nan. Ginin al'ajabi tsere ne, mutum ɗaya ke ci a duniya baki ɗaya, kuma tseren ba a kan layi ɗaya ake fara shi ba. Matakan wuyar wasan takwas ne. A na huɗu ne kawai ake tafiya kunnen doki da kwamfuta. Daga na biyar ake fara yi mata ƙari, har a kai na takwas, inda kowace daula da kwamfuta ke riƙe da ita take farawa da ayarin kafa gari uku da mayaƙa biyar, da ƙarin kashi 80 cikin ɗari a kan makin aiki da zinariya. Mai gari ɗaya da ya shiga tseren Stonehenge da irin waɗannan, ya yi niyyar sadaka ne. Ayarin kafa gari kuwa babu wanda zai riga mai shi kammala shi. Abin da ake iya riga mutum a kai shi ne ƙasa, kuma ita ce kaɗai dukiyar da ba ta ƙaruwa a wasan. Kimiyya tana ninkuwa, zinariya tana ninkuwa, amma bakin kogin da maƙwabci ya zauna a zagaye na arba'in ya tafi ke nan, sai dai a karɓo shi da yaƙi, wanda ya ninka ayari tsada sau da yawa.

Saboda haka buɗe wasa mai ma'ana ba ta da wani ƙawa. Ɗan leƙen ƙasa da farko, a kan maki 30, domin makaho ba ya zaɓen wurin zama, kuma leƙen kansa yana biya: haɗuwa da wata daula tana rage kuɗin binciken rubutu, haɗuwa da birane uku masu cin gashin kansu tana rage kuɗin darasin falsafar siyasa, wanda ke buɗe tsarin gwamnati na gaske. Irin wannan rangwame kashi 40 cikin ɗari ne, ba abin wasa ba ne. Sai mai majajjawa, wanda idan ya kashe abokin gaba guda ya rage kuɗin binciken baka da kibiya. Sai ayari na farko da zarar birni ya kai mutum biyu. Wannan gari na biyu yana taimakawa a kai jimillar mutum shida, wadda ita ce sharaɗin rangwamen darasin da ke kawo katin kashi 50. Kowane mataki yana buɗe na gabansa. Da katin ya shigo hannu, babban birni ya zama masaƙar ayarori, ɗaya na fita ana ɗora wani, har sai wuraren kirki sun ƙare. Ma'aunin da ƙwararru suka saba ambatawa shi ne garuruwa takwas zuwa goma kafin zagaye na ɗari. Wanda ya ƙirga nasa a wannan lokaci ya ga huɗu, to ya san inda ciwon yake.

Akwai kayan aikin da wasan ya tanada domin wannan gudu, waɗanda masu son dala kan karkatar zuwa inda ba su dace ba. Hakimi Magnus yana ƙara kashi 50 a kan abin da ake samu idan magini ya sare daji ko ya kwashe dutse a yankin garin da yake zaune, kuma da ƙarin girma ɗaya yana hana ayari rage yawan mutanen garin da ya fito, wanda shi ne babban harajin da ke kan kafa garuruwa. A dandalin gwamnati akwai zauren kakanni, mai ƙara wani kashi 50 ga haɗa ayari a wannan birni, yana kuma ba kowane sabon gari magini kyauta ranar da aka kafa shi. Wanda ya dace da zamanin zinariya a zamani na biyu yana iya zaɓar alfarmar da ke ba shi damar sayen ayarori da magina da makin imani, a kan rangwamen kashi 30. Dazuzzukan da ke kewaye da babban birni asusun ajiya ne da ake fasawa sau ɗaya. A fasa shi a kan gari, wanda zai yi ta haihuwa har ƙarshen wasa. Sai dai Gathering Storm yana riƙe da lissafin bishiyoyin da aka sare a duniya, yana ƙara shi a kan ɗumamar yanayi a ƙarshen zamani, abin da ba sai an yi wa mutumin Sahel dogon bayani a kansa ba.

Yawan gari ba ya nufin a yi ta jefa su ko'ina kamar shukar gero. Ruwan sha shi ne farko: garin da ke bakin kogi ko tafki yana farawa da matsugunin mutum biyar, na bakin teku uku, na tsandauri biyu kacal. Sai a dubi inda unguwanni za su zauna tun kafin a sauke kaya, duwatsu domin ilimi da ibada, kogi domin kasuwa. Akwai kuma wata ƙa'ida da sababbin hannu ba su cika lura da ita ba: farashin unguwa yana hawa yayin da daula ke ci gaba a fasaha da zamantakewa, amma yana tsayawa cak a ranar da aka aza harsashinta. Mai hankali yana aza harsashin da zarar gari ya sami izini, ya koma ya gama abin da ya fi gaggawa, ya dawo daga baya ya biya tsohon farashi. Fatake na cikin gida su ma a tura su daga sababbin garuruwa zuwa babban birni, domin suna kawo abinci da makin aiki, suna kuma shimfiɗa hanya a bayansu.

Laifi na biyu na masu wannan shawara, wanda kusan kullum yake tafiya da na farko, shi ne raina soja. Birnin da ya shafe zagaye ashirin a kan gini guda bai haɗa ko maharbi ɗaya ba a tsawon wannan lokaci, kuma kwamfuta tana ganin rauni kamar yadda kura ke ganin gurguwar akuya. Mahara ma haka. Ɗan leƙensu yana zuwa ya ga gari, alamar motsin rai ta bayyana a kansa, ya juya da gudu zuwa sansani. Idan aka bar shi ya isa, ayarin mahara ne zai biyo baya, da dawakai in akwai dawaki kusa da su. A tare shi a kashe, ko a bi sawunsa a rushe sansanin. Maharba uku ko huɗu a bayan kogi ko a kan tudu, suna harbi daga nisan gurbi biyu, sun isa su karya harin farko na maƙwabci, kuma mallakar uku daga cikinsu tana kawo nata rangwamen binciken. Kada kuma a taɓa sakin ayarin kafa gari shi kaɗai a daji, domin ba ya faɗa, kama shi ake yi. Abin da ya fi ciwo ga mai dala shi ne ginin al'ajabi yana bin garin da yake ciki: wanda ya ci garin ya gaji ginin. Sau da yawa hanya mafi arha ta mallakar Lambunan Babila ita ce a bar maƙwabci ya sha wahalar dasa su.

Masu kare tsohuwar shawara suna da hujjoji, kuma biyu daga ciki suna da nauyi. Ta farko biyayya ce. Tun daga Rise and Fall, garin da aka kafa a tsakiyar jama'ar wata daula yana fuskantar matsin lamba daga duk garuruwan da ke cikin nisan gurbi tara, kuma yana iya ɓallewa ya bar mai shi. Gaskiya ne. Amma matsin daga yawan mutanen da ke kusa yake fitowa, saboda haka maganinsa shi ne ƙarin garuruwa a jere suna jingina da juna, da hakimi a wanda ke bakin iyaka, wanda zamansa kaɗai ke ƙara makin biyayya takwas. Dokar ta hana tsalle zuwa nesa ne, ba ta hana yaɗuwa ba. Hujja ta biyu walwala ce: kowane irin kayan alatu garuruwa huɗu kawai yake isa. Nan ma gaskiya ne, sai dai sabon irin alatu a sabuwar ƙasa ake samunsa, kuma wanda ya yi rara ana sayar wa maƙwabta a karɓi zinariya. Mai garuruwa huɗu yana da iri uku ko huɗu, mai goma yana da ninkinsu.

Ba a ce kada a taɓa gina abin al'ajabi ba. Dalar Masar, a kan maki 220, tana ba da magini kyauta, tana kuma ƙara wa kowane magini aiki ɗaya a kan ukun da ya saba yi har ƙarshen wasa. Wanda ke da hamada a gefen gari da dajin sarewa yana iya gwadawa. Kolosiyam na Rum yana raba walwala da al'ada ga duk garuruwan da ke cikin nisan gurbi shida. A lura da abin da ya haɗa su: darajar kowannensu tana ninkuwa ne da yawan garuruwan mai shi. Akwai kuma daulolin da aka ƙera domin wannan sana'a, kamar Sin a hannun Qin Shi Huang, wanda maginansa ke iya zuba aikinsu kai tsaye a ginin al'ajabi na farkon zamani, kashi 15 a kowane bugu, ko Masar mai samun ƙarin sauri a bakin kogi. Mali ta Mansa Musa kuwa darasi ce ta wata fuskar: an rage mata kashi 30 na makin aiki a kan gine-gine da sojoji, ma'adinanta suna ba da zinariya huɗu-huɗu, kasuwarta mai suna Suguba tana rage farashin saye da kashi 20. Mali ba ta gini, saye take yi, kuma kuɗin sayen daga yawan kasuwanni da fatake yake fitowa, wato daga yawan garuruwa. Wanda ya tarar da Ngazargamu a taswirarsa, tsohuwar hedikwatar Borno da wasan ya sanya cikin birane masu cin gashin kansu, ya riƙe ta da kyau, domin tana sauƙaƙa sayen sojojin ƙasa da zinariya a garuruwan da ke da gine-ginen sansani.

Daga nan sai a ji an ce, ai wasa ne, daɗi ake nema, wanda ke son ya ga dala a gefen birninsa a ƙyale shi. Babu mai hana shi. A mataki na uku ko na huɗu mutum yana iya tara abubuwan al'ajabi goma ya kuma ci wasan, domin kwamfuta ba ta da haƙoran cizonsa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a ɗauki sha'awa a sa mata rigar dabara a miƙa wa wanda ya zo yana tambayar dalilin da ya sa ake lallasa shi a mataki na shida. Kuma ko ta fuskar daɗin ma, mai garuruwa goma a zagaye na ɗari shi ne ke da ƙarfin gina abin da ya ga dama a zagaye na ɗari da hamsin, lokacin da birane uku ko huɗu nasa suka zama manyan masana'antu, kwamfuta kuma ta fara ja da baya. Jami'ar Sankore ta Timbuktu tana jiran wanda ya yi haƙuri.

Akwai wata suka da ta fi duk waɗannan, wadda ba ta shafi cin wasa ba, kuma bai kamata mai ilimi ya kau da kai daga gare ta ba. Idan dabara mafi inganci ita ce a mamaye ƙasa kafin wani ya mamaye, to wasan yana koyar da wani irin kallon duniya ne: ƙasa fili ce da babu mai ita, mutanen da aka tarar a kai mahara ne da za a share ko ƙauyawa da za a karɓi kyautarsu, ci gaba kuma layi ne guda da kowa ke gudu a kansa. A farkon 2018, da aka sanar za a saka al'ummar Cree ta Kanada da shugabansu Poundmaker a cikin Rise and Fall, wani jigon al'ummar, Milton Tootoosis, ya fito ya soki abin, yana mai cewa ba a tuntuɓe su ba, kuma wasan yana nuna kamar mutanensa suna da ɗabi'ar cin ƙasa irin ta 'yan mulkin mallaka. Jikokin waɗanda aka raba ƙasarsu a kan tebur a Balin a 1884 da 1885 sun fi kowa cancantar su ji nauyin wannan magana. Sai dai maganin wannan ba shi ne a yi wasan da gangan ba daidai ba. Riƙe garuruwa huɗu ba ya wanke dokokin daga abin da suke ɗauke da shi, yana dai ɓoye wa mai wasa su ne. Wanda ya fahimci dalilin da ya sa mamaya ke biya a cikin injin wasan shi ne ya fi iya faɗin abin da injin ya ɗauka a matsayin gaskiya game da tarihi, da inda ya yi ƙarya.

Wasa na bakwai ya fito a watan Fabrairu na 2025, da Sarauniya Amina ta Zazzau cikin shugabannin da ake iya zaɓa, da ƙarin ƙarfi ga dakarunta a fili da hamada. A can an sake juya dokokin. An raba tarihi zamani uku, an bambanta birni da ƙaramin gari, an kuma sanya iyaka a kan adadin matsugunan da daula za ta riƙe, wadda ke ƙaruwa sannu a hankali da bincike. Duk wanda ya haura ta, walwala ce ke raguwa a garuruwansa. Lissafin garuruwa goma kafin zagaye na ɗari na wasa na shida ne, kuma wanda ya ɗauke shi ya kai wa Amina ba tare da ya duba lambar da ke saman allo ba zai tarar da jama'arsa cikin fushi tun bai fita daga zamanin farko ba.